Ɗaya Taka, Ɗaya Tawa

Aisatu ta ture asabarin zauren da kafaɗa, kwanon kunu a hannu ɗaya, ƙosai a ɗayan, ta shiga da sallama. Ba wanda ya amsa. Mijinta Mainasara da amininsa Badaru suna zaune a kan tabarma sun haɗa kai, hular Badaru na ajiye a tsakaninsu baki a sama, fararen ƙwayoyin magani a cikinta. A gefe ga kwalaben roba biyu a buɗe.

"Ɗaya taka," in ji Badaru, ya jefa ƙwaya a kwalbar da ke gaban Mainasara. "Ɗaya tawa."

Ba al'adarta ba ce shigowa zaure idan maza na ciki. Jikarta Hamsatu ce ke kawo musu kunu kullum, yau kuwa yarinyar ta yi sammakon makaranta saboda jarrabawa, ga shi ranar komawa asibiti ce, mai keke Napep ɗin da zai kai su kuma ba ya jiran kowa. Ba don haka ba, da ta ci gaba da zamanta a madafa ba ta san wainar da ake toyawa a ƙofar gidanta ba.

"Malam, mi ni ka gani haka?"

Mainasara ya ɗago kai ya dube ta. "Kunu kinka kawo. Aje kunu."

"Maganinka na cikin hullar mutane?"

"Hullar mutane?" Badaru ya yi dariya da ɓarin bakinsa da ke motsi. "Uwargida, yau ni na mutane?"

Ta ajiye kwanon, amma ba ta fita ba.

Tun suna samari mutanen nan biyu suke cin tuwo a kwano ɗaya. Mainasara makanikin injin niƙa ne, Badaru dillalin shanu, ba abin da ya haɗa sana'arsu, amma duk magariba sai an fito da tuwon gidajen biyu an haɗa a ƙofar gidan Mainasara, maƙwabta su kawo nasu a yi ciyayya. A daminar da ta wuce hawan jini ya kayar da Mainasara a shagonsa, ɓarinsa na dama ya shanye. Kafin a yi girbin gero Badaru ma ya faɗi a kara, kasuwar shanu, tsakiyar ciniki, nasa ɓarin na hagu. Mutanen unguwa, da ba su rasa abin faɗa, suka ce ai dama kwano ɗaya gishiri ɗaya.

Abin da ya fi ci wa Mainasara rai ba tafiyar da ta gagara ba ce, don ƙafar ta dawo da sanda. Hannun ne. Ya rantse ba zai sa hagu cikin kwano a gaban mutane ba, ya daina fita ciyayya. Sai Badaru ya riƙa jawo ƙafarsa daga gidan ɗansa, inda yake zaune tun rasuwar matarsa, ya shigo zaure su ci su biyu, inda ba mai kallon da wane hannu aka kai loma.

Ana cikin haka masu bincike suka zo Anka daga wani asibitin koyarwa, suna neman waɗanda ɓarin jikinsu bai daɗe da shanyewa ba, domin gwajin wani sabon magani da ake sa ran yana taimaka wa hannu ya farfaɗo. Aisatu na wurin aka yi bayani, kuma ba a ɓoye komai ba. An ce ba a tabbatar maganin yana aiki ba, shi ya sa ake gwadawa. An ce rabin mutanen za su sami na gaske, rabi kuma ƙwaya mai kama da shi sak wadda ba magani a cikinta, wadda nan take mutanen suka raɗa wa suna fanko. Na'ura ce ke jefa ƙuri'a, likitan kansa bai san wa ya sami wane ba sai an gama. Duk ta ji, amma ta bayan kunnenta ya bi. Ita 'yar Bagega ce. A shekarun gubar dalma ta ga an ɗebi jinin ɗan 'yarta, an ba shi ƙwayoyi, yaron da aka fara cire rai da shi ya tashi yana gudu. Tun daga lokacin ta yanke cewa duk maganin da aka auna jini kafin a bayar da shi, magani ne. Ga shi kuwa 'yan watannin nan yatsun Mainasara sun fara motsi.

"Zamna ki ji, tunda kin gani," in ji Mainasara. Maganarsa ta ɗan yi nauyi tun ciwon, amma ba ta rage kaifi ba. "Likita yac ce rabi na gaske, rabi hwanko. Haka na ko ba haka na ba?"

"Haka na."

"To mu biyu na. Ke nan guda ya samu, guda ya rasa, kuma ba mu san ko wane na ba. In nawa na na gaske, sai in shanye ni ɗai in warke, in bar shi shina jan ƙahwa? In ko nashi na, shi bar ni? Wanda yac ci shi ɗai, shi ɗai ka mutuwa. Sai munka haɗe. Kowa shi samu rabi."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar hwari."

Ya nuna mata wani gwangwanin madara a bayan buhun gero. Nan suke juye kwalaben duk ranar da aka ba su sababbi, su girgiza, kowace safiya kowa ya ɗauki tasa su kora da kunu. Ranar asibiti kuma su raba ragowar daidai wa daida su mayar, tunda ana duba abin da ya rage. Shi ya sa ma'aikatan suke yabonsu, wai duk cikin dattawan ba masu kiyaye ƙa'ida kamarsu.

Aisatu ta dubi hannun daman mijinta da ke kwance a cinyarsa. Ta dubi na hagun Badaru, wanda har yau yake rataye kamar ba nasa ba. Nan take lissafi ya haɗu a kanta. Idan da rabin magani hannu ya kawo nan, da cikakkensa ai da tuni Malam ya koma shago yana riƙe sifana. Badaru kuwa jikinsa bai karɓa ba, abin da ake ba shi ruwa ne ake zubawa a kwando. Ya zo mata a rai cewa mai yiwuwa na gasken daga kwalbar Badaru yake fitowa, amma ba ta ba tunanin wurin zama ba. Zuciyarta ta riga ta gaya mata na mijinta ne, ita kuwa ba ta cika musu da zuciyarta ba.

Haushi ya kama ta, haushi na gaske, har ta ji idanunta na zafi. Ita ce ta yi ta ɗaga mutumin nan tana kwantarwa, ita ke matsa masa hannu da man kaɗanya safe da yamma, ita ke sayar da ƙuli-ƙuli ana cin abinci tun da aka rufe shago. Ashe ana nan zaure ana kyauta da lafiyarsa.

"Maganar ga ta tsaya nan," in ji Mainasara, yana kallon cikin idonta. "Mu ukku munka sani. Wanda duk yah hid da ta, ni da shi har abada."

Ta san ba barazana ba ce. Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya yana nan bayan kasuwa, shekaru ke nan ba ya amsa masa gaisuwa a kan maganar da kowa ya manta farkonta. Mai keken ya danna oda a waje. Badaru ya karkaɗe hularsa ya kifa a kai.

Hanyar asibitin ba ta da nisa, sai dai ramuka. Suka wuce tasha, inda motocin Gummi da na Bukkuyum ke lodi da wuri don kowa ya isa da rana tsaka, suka tsaya a shingen sojoji aka leƙa aka ga tsofaffi biyu da sanduna aka ɗaga musu hannu. Mazan suna baya suna gardamar farashin taki. Aisatu na takure a gefen mai keken da jakar kwalaben a cinyarta.

An ba masu binciken ɗakuna biyu a ƙarshen asibitin, da bencuna a ƙarƙashin darbejiya. Hafsa, nas ɗin da ke kula da maganin, 'yar garin ce, Aisatu ta san uwarta tun suna amare. Ta karɓi kwalaben ta duba, ta yi murmushi.

"Su Baba ba a kuskure. Da kowa haka yake da mun huta."

Badaru ya ce, "Ai mu ɗaliban kirki na, ɗiyata." Ko gezau bai yi ba.

Aka fara kiran Mainasara, Aisatu ta bi shi ciki kamar kullum. Likita Mukhtar, dogo siriri mai yawan gyara tabarau, ba ɗan yankin ba ne, Hausarsa irin ta rediyo. Ya auna jini, ya tambayi barci da jiri da ciwon kai, sannan ya jera kayan gwajin a kan tebur: guntun katako, kofin roba da ruwa a ciki, da ƙwayar gyaɗa a cikin murfi. Mainasara ya ɗaga katakon ya ɗora a kan akwati. Ya kama kofin, hannun na rawa, ya kai shi har baki, ruwan ya ɗan zuba a gemu amma ya kai. Sai gyaɗar. Watan jiya ya yi ta binta tana gudu har ya yi tsaki ya bari. Yau ya sa babban yatsa da manuni, ya cije leɓe, ya matse ta, ya ɗaga. Ya riƙe ta a sama yana kallonta, sannan ya jefa a baki ya tauna.

"Baba, ai ta gwaji ce," in ji likitan yana dariya.

"Ta ci gwajin."

Aisatu ta juya fuska ta share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Likita, maganin na ko?"

"Inna, ba zan ce shi ne ba, ba zan ce ba shi ba ne. Wasu hannun kan dawo da kansa, musamman in ana motsa shi kamar yadda kike yi masa. Shi ya sa muke kwatanta waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba. Amma dai na ji daɗin abin da na gani."

Ita ba ta ji "ba zan ce ba" ɗin ba. Gyaɗar ta gani.

Aka wuce da Mainasara ɗakin ɗibar jini, inda layi ya yi tsawo. Badaru an gama da shi da wuri, don hannunsa bai ba da wani labari ba, ya koma benci ya zauna. Aisatu ta tsaya a baranda tana juya maganar. Ba ta nufin tona asirin kowa. Abin da take so ƙarami ne: a damƙa mata kwalbar mijinta a hannu, ta kulle a akwatinta, kowace safiya ta ba shi ƙwayarsa ta tsaya ya haɗiye. Badaru ya sha tasa, Allah ya ba shi lafiya. A ganinta Hafsa za ta yi ɗan faɗa irin na ma'aikatan asibiti, ta ce kada a sake, shi ke nan. Ta leƙa ta ga yarinyar ita kaɗai tana jera sababbin kwalabe, ta shiga ta turo ƙofa.

"Ɗiyata, wata alhwarma ni ka so. Kwalbar Malam ta watan ga, ki ba ni ga hannuna. Ki ce mai doka ta, an ce mata ka riƙewa yanzu."

"Lahiya, Inna? Mantawa shi kai?"

"Ba shi mantawa."

"To mi?"

Da ta tsaya a nan da an wuce wurin. Amma abin na cinta tun safe, ga kuma fuskar da ta sani tana tambaya da taushi. Ta rage murya ta zayyana mata komai, gwangwanin, hular, ɗaya taka ɗaya tawa. Tana faɗa tana jiran Hafsa ta yi dariya ko ta riƙe baki. Hafsa ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ajiye kwalbar da ke hannunta a hankali, ta zauna.

"Tun hwarko, Inna?"

"Haka yac ce."

"Dole in hwaɗa ma likita."

"A'a! Tsakanina da ke na. Ki dai ba ni kwalbar, ni san wada za ni yi."

"Ba ni iyawa, wallahi. In wani abu yas samu ɗayansu, mi za mu ce ya sha? Aikina ke nan, Inna."

Aisatu ta kama hannunta. "In Malam yaj ji ni ta, aurena ya mutu. Kin san shi."

"Ba ni hwaɗin ke ta. Wannan kam na ɗaukar miki."

Ta fito baranda. Badaru na zaune a bencin da ke fuskantar ƙofar, haɓarsa a kan sanda. Ya dube ta, ya dubi ƙofar da ta fito, ya mayar da idonsa ƙasa. Jim kaɗan Hafsa ta wuce da sauri zuwa ɗakin likita, sannan ta leƙo ta kira shi shi kaɗai. Ya daɗe a ciki. Ta taga Aisatu ta hango likitan yana waya, yana kai da kawowa, hannu ɗaya a ƙeya.

Mainasara ya fito daga ɗibar jini da auduga a lanƙwasar hannu, yana cikin nishaɗi, har yana tsokanar wata tsohuwa a layi. Aka ce su shigo gaba ɗaya.

Likita Mukhtar bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce ya ji yadda ake shan maganin, Malam Badaru kuma bai musa ba. Nishaɗin ya bar fuskar Mainasara, amma bai sunkuyar da kai ba. Ya maimaita hujjarsa kamar yadda ya faɗa a zaure, rabi da rabi, su biyu, ɗaya ya samu ɗaya ya rasa.

"Baba, na fahimci niyyarku, kuma ban taɓa jin irinta ba," in ji likitan. "Amma ba haka ƙuri'ar take ba. Ba biyu-biyu ake haɗa mutane ba. Kowa tasa daban ake jefa masa, cikin ɗaruruwan mutane a garuruwa da yawa. Mai yiwuwa ɗayanku ne ya sami na gaske. Mai yiwuwa ku duka kuka samu. Mai yiwuwa kuma ku duka biyun fanko ne."

Wannan kam ba wanda ya taɓa kawo shi a rai cikin su ukun.

Badaru ne ya fara magana. "Ke nan ana iya samun gari mu ka rabo duk watannin ga, muna ta adalci awa masu rabon gado?"

"Ana iya samu."

Ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ba wanda ya taya shi.

"To wane na?" in ji Mainasara. "Buɗe ka gani."

"Ba ni da ikon buɗewa sai in rai na cikin haɗari, ku kuwa alhamdu lillahi lafiyarku ƙalau. Sai an gama binciken gaba ɗaya." Ya mayar da tabarau. "Na yi magana da shugabanmu. Daga yau za mu tsayar muku da maganin gwajin, ku duka biyu. Maganin hawan jini za ku ci gaba da karɓa, da motsa gaɓɓai, kuma za mu ci gaba da duba ku duk wata. Wancan ne kawai ba za mu ƙara bayarwa ba."

Aisatu ta ji kamar an zare mata tabarma tana zaune. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Likita, don Allah. Kai kag ga gyaɗar da idonka. Ni ka riƙe kwalbar daga yau, in kulle, ba mai taɓa ta. A yi haƙuri a ba shi."

"Inna, ba horo ba ne. Ban san abin da ya shiga jikinsa ba, ban san yawansa ba. Yau na rubuta cewa hannunsa ya ɗauki gyaɗa. In na bar shi a haka, can gaba za a karanta a ce wanda ya sha kaza ya warke, alhali ba abin da ya sha ke nan ba. A kan wannan rubutun za a ba dubban mutane maganin, ko a hana su. Dole in rubuta gaskiyar abin da ya faru, kuma ƙa'idar da muka yi alkawari a kanta ta ce a tsaya."

"Ko rabin da shi ka samu?"

"Ko shi."

Ta koma ta zauna. Ta zo neman cikakke, ga shi rabin ma ya tafi, kuma ba wanda za ta kai ƙara wurinsa. Hafsa na tsaye a bakin ƙofa tana kallon bango.

Suka fito rana ta take. Mai keken na kwance a kujerar baya yana sauraron rediyo, ya tashi da ya hango su. Mainasara bai nufi keken ba. Ya tsaya a ƙarƙashin darbejiyar ya dogara da sanda, numfashinsa na fita da ƙarfi.

"Mu ukku munka sani," ya ce. "Watanni muna yi ba wanda yaj ji. Yau da sahe mutum na ukku yag gani, kahin azahar likita ya sani."

Ya juyo da dukkan jikinsa ya fuskanci Aisatu. Ta buɗe baki ba tare da ta san abin da zai fito ba.

"Ni na," in ji Badaru.

Mainasara ya waiwaya.

"Ni nih hwaɗi. Yaron ga ya kira ni shi ɗai, yat tambaye ni ko ina shan magani wada anka ce. Yac ce in ji tsoron Allah. Na tsuhwa, Mainasara, ƙahwata guda tana kabari. Ban iya yi mai ƙarya ba."

"Duk watannin ga kana iyawa."

"Yau na kasa."

Mainasara ya daɗe yana kallonsa. Da ya yi ihu da ya fi sauƙi, amma muryarsa ƙasa-ƙasa ta fito.

"Don naka hannu bai tashi ba. Shi na. Kag ga nawa ya ɗauki hanya, kac ce in mu rasa mu rasa tare."

Maganar ta sami Badaru, Aisatu ta ga inda ta same shi, don ɓarin fuskarsa mai rai ya motsa. Amma cewa ya yi, "Wada duk kag gani."

"Daga yau kowa shi ci tuwonai gidanai."

Ya juya ya nufi keken, yana buga sandar da ƙarfi fiye da yadda tafiyar ke bukata. Mai keken ya taimaka masa ya hau, sannan ya tsaya yana jiran na biyun. Mainasara ya ce masa mutum biyu ne za su koma. Badaru ya ɗaga murya ya ce kada a damu da shi, ɗansa zai biyo ta nan da babur. Ya lallaba ya zauna a benci, ya gyara mataccen hannun a kan cinya da ɗayan.

Aisatu ta yi kamar tana gyara ɗaurin jaka, ta matso kusa da shi. Kunya ta hana ta kallon fuskarsa.

"Malam Badaru, don mi? Bari in tai in hwaɗa mai."

"Kul," ya ce, bai ɗago ba. "Ni in yay yi hushi da ni, ina da ɗaki gidan ɗana. Ke in yay yi da ke, wa ka matsa mai hannun? Ki ci gaba da man kaɗen nan, likita ya ce shina taimako. Tahi, shina kallo."

"Ba shi yahewa. Ka san shi."

"Na riga ki saninai. Tahi."

Ta tafi. Ta hau ta zauna a gefen mijinta, a wurin da Badaru ya zauna da safe, keken ya tashi. Da suka zo kwanar fita ta saci kallon baya, ta gan shi yana ƙoƙarin buɗe ledar maganin hawan jini da haƙori.

Suka wuce shingen sojoji. Sai da suka kusa tasha Mainasara ya sauke ajiyar zuciya, ya girgiza kai.

"Kin ga mutum, A'i? Tun muna samari." Sannan ya ƙara da murya mai rauni, irin wadda ba ta taɓa ji daga bakinsa ba ko ranar da ya faɗi. "Ɗazu har na zarge ki, ki yahe min. Yanzu duk duniya ke ɗai ta ni ka yarda da ita."

Aisatu ta ja mayafinta gaba har ya rufe gefen fuskarta. Ta ce wa mai keken ya bi a hankali, akwai rami a gaba.